Irin da Ke Binne Kansa

Nordre Rognli, Stange
19 ga Mayu

Zuwa ga Goggo Gunvor,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da aikinki. Wataƙila ba za ki gane ni ba. Ni ce Eldrid, 'yar Torleif, jikar Kaka Oddvar, wan mahaifinki. Shekarata goma sha shida. Na samu adireshinki a bayan katin ta'aziyyar da kika aiko lokacin rasuwarsa a watan Janairu. Ki yi haƙuri da na rubuto a takarda. In na ɗauki waya bakina yakan ɗaure, kuma akwai abin da na sa a cikin ambulan ɗin.

Mu nan lafiya lau. Baba ya gama shukar havre, wato hatsin oats, makon jiya. Bayansa na ciwo, amma ba ya yarda a faɗa. Mama tana gaishe ki, ko da yake ba ta san ina rubuto miki ba. Kaka Magnhild tana cin abinci sosai, sai dai mantuwa ta ƙaru. Har yanzu takan zuba wa mijinta kofinsa kowace safiya.

Ga dalilin wasiƙata. Ranar Asabar aka sa ni share ɗakin Kaka Oddvar. A bayan takalmansa na tarar da gwangwanin kofi, ya kusa cika da wata ƙwaya mai kama da havre, amma baƙa, mai gashi, kowace da dogon tsinke a lanƙwashe kamar ƙafar fara. Na ɗebi kaɗan na zuba a bakin taga, na wanke tagar, na je sauya ruwa. Da na dawo ba su nan inda na bar su. Ɗaya ta kai gefe. Ɗaya ta cusa kanta a tsagar katako. Na tsaya ina kallo, da rana tsaka, ba iska, sai wata ta juya a hankali ta kwanta a ɗaya gefen. Ban yi ihu ba, amma na daɗe ban iya motsi ba.

Na duba littafinmu na makaranta, ina jin floghavre ne, havren daji. Kin san abin da wannan ke nufi a gidanmu. Iri Baba ke nomawa yana sayar wa manoma, kuma tun zamanin Kaka Oddvar gonakinmu a rubuce suke a matsayin masu tsabta. In aka ga kara ɗaya na havren daji, za a sa gonar a rajistar gurɓatattun gonaki, a yi shekaru ba a karɓi iri daga cikinta ba. Baba ko sunan ba ya son a ambata a kan tebur. To me ya kawo shi ɗakin Kaka?

Ban gaya wa kowa ba sai Kaka Magnhild. Ta leƙa gwangwanin, ta yi murmushi, ta ce, "Baƙin Oddvar ne. Mayar masa, zai nema."

Mama ta taɓa cewa aikinki shi ne karanta abin da ke rubuce a cikin ƙwayar hatsi. Na naɗe guda biyar a busasshiyar takarda. Don Allah ki gaya mini mene ne, da abin da ya sa suke tafiya.

Taki cikin ladabi,
Eldrid

Lund
8 ga Yuni

'Yata Eldrid,

Na gane ki sarai, ko da yake ban taɓa ganin ki ba sai a hoto, kina jaririya mai ɗaure fuska. Na yi murna da jin kowa lafiya. Ni ma lafiya a nan Sweden, ban da gwiwa. Ki ce wa babanki ya je a duba masa bayan nan, amma kada ki ce daga gare ni saƙon ya fito.

Ƙwayoyinki sun iso. Biyu sun huda takardar da kika naɗe su, na same su maƙale a kusurwar ambulan. Kada ki ji tsoro, ba aljanu ba ne. Tsinken nan da kika gani a murɗe yake. In ya sha danshi sai ya warware, in ya bushe ya sake murɗewa, gashin jikin ƙwayar kuma ba ya barin ta koma baya. Da haka take rarrafe har ta sami rami ta shige. Havren gida sai mutum ya shuka shi. Na daji da kansa yake binne kansa. Shekara talatin ina kallon wannan, kuma har yau ba na son in juya musu baya a kan tebur.

Eh, floghavre ne. Abin da babanki ke ƙi, shi nake nema. Kowace ƙwaya tana ɗauke da dogon rubutu na gado, haruffa huɗu kacal da ake ta maimaitawa, kuma na havre ya ninka na mutum kusan sau huɗu. Mukan karanta na dangin daji da aka tattaro daga ƙasashe da yawa, don mu ga wa ya haifi wa, mu kuma nemo abin da ke sa su jure cutar tsatsa da fari, ko a samu a shigar da shi cikin havren gona. Na sa biyu daga cikin naki sun tsiro, na ba da ganyen a karanta tare da namu. Sai an yi makonni.

Yanzu ki saurara. Ki ƙone duk abin da ke cikin gwangwanin a murhu, kada ki zubar a juji. Kada ki ta da hankalin babanki tukuna, ƙwaya a gwangwani ba ƙwaya a gona ba ce. Idan havre ya fara fitar da kai, ki zagaya ki duba. In kin ga karan da ya fi sauran tsawo, kansa a baje yana rataye, ki yanko zangarniya ɗaya ki aiko, zan ba ki amsa cikin mako. Kada ki shiga kina tattake irin mutane sai mun tabbata. Sai dai ki lura, duk watan Yuli ina semester, ki yi la'akari da wannan.

Har yanzu ana nome kusurwar nan ta bayan tsohon ramin ajiyar dankali, wajen katangar dutse? Can za ki fara dubawa.

Goggonki,
Gunvor

Nordre Rognli
5 ga Yuli

Goggo Gunvor,

Na gode ƙwarai da amsarki, na karanta ta sau da yawa. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu muna lafiya. Baba bai je asibiti ba. Da na yi masa maganar sai ya ce, "To, Farfesa ta zama likita kuma." Haka yake kira na saboda karatu.

Na ƙone ƙwayoyin ranar da su Baba suka tafi garin Hamar. Suna ta ƙara a cikin murhu, tas, tas. Kaka Magnhild tana zaune a kujerarta, sai da wutar ta mutu ta tambaye ni ko na bar wa Kaka Oddvar na baɗi. Ban gane ba, ban kuma sake tambaya ba.

Na ji daɗi da kika ce duk Yuli kina semester. Mu tun tsakiyar Yuni muka yi hutu, ban san jami'o'in Sweden suna karatu da bazara ba. Ko ba komai na san kina ofis, wasiƙata za ta same ki.

Goggo, suna nan. Jiya da hantsi na je kusurwar da kika ce. Kara goma sha ɗaya na ƙirga, sun fi havren Baba tsawo da kamar taƙi biyu, kawunansu a sunkuye. Gonar duka tsit, amma su suna ɗan kaɗawa. Daga hanya ba a hango su, tudun ramin dankalin ya tare. Na yanko zangarniya ɗaya, ga ta nan. Ban taɓa sauran ba, kamar yadda kika ce.

Akwai wani abu kuma. A gindin katangar akwai 'yar siririyar hanya da ƙafa ta tattake, ta taso daga bayan rumbu ta ƙare daidai wurin. Ciyawa ba ta gama rufe ta ba. A ƙarshenta akwai faffaɗan dutse da ya yi sumul, irin wanda ake zama a kai. Sai na tuna duk Yuli Kaka Oddvar yakan fita da buhu a kafaɗa, ya ce zai je duba katanga, kuma bai taɓa yarda na bi shi ba. Katangar ba abin da ya taɓa samun ta.

Ki gafarce ni da tambaya, amma yaya aka yi kika san kusurwar? Mama ta ce rabonki da gidan nan tun kafin a yi aurensu.

Mai duba gonaki zai zo wajen tsakiyar wata. Ina jiran amsarki.

Eldrid

Nordre Rognli
24 ga Yuli

Goggo Gunvor,

Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Kwana goma sha tara ke nan. Kullum ni nake zuwa akwatin wasiƙa a bakin hanya, har Baba ya fara tsokana ta wai wane yaro ne a Sweden. In tambayar da na yi ce ta ɓata miki rai, na janye ta. Mu duka lafiya, ni ce dai ba na iya cin abinci sosai.

Mai duban ya zo ranar Talatar makon jiya. Sunansa Steinar Moe, abokin Baba ne tun suna yara. Sun zagaya gonakin tare, ni ina bin su a baya. Yana ta zolayar Baba cewa gonarsa ta fi ɗakin kwanansa tsabta, Baba yana cewa shi dai ya duba hatsi ya bar zancen ɗaki, tunda tasa matar ta gudu ta bar shi da kare. Da muka doshi ramin dankali sai aka fara yayyafi. Baba ya ce Mama ta soya waina, kada ta huce. Steinar ya tsaya ya hangi wajen katangar, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ke mai sabbin idanu, kin ga wani abin da ya kamata in gani?"

Goggo, na girgiza kai. Kan nawa da kansa ya girgiza. Steinar ya sa hannu a takarda a kan teburin kicin, da man waina a yatsunsa. An rubuta mu masu tsabta.

Na ce wa raina ai ba mu tabbata ba, ke za ki faɗa. Amma zangarniyun sun nuna. Sun yi baƙi. Shekaranjiya da safe akwai hazo da raɓa mai yawa, na je na zauna a kan dutsen Kaka. Rabin zangarniyun sun zama fanko. Na duba ƙasa, sai na ga ƙasar tana motsi. Ba da sauri ba. Ɗaya ta ɗaga tsinkenta ta dafa dunƙulen ƙasa ta juya. Wata ta bi ta kan 'yar'uwarta. Duk inda tsaga take, can suke nufa, su sa kai, su yi ta murɗawa har sai tsinken kaɗai ya rage a waje. In na riƙe numfashi ina jin ƙarar, kamar ana shafa takarda. Na fara tsincewa da hannu ina zubawa a aljihu, amma in na ɗauki ɗaya sai in ga uku sun riga sun shige. Da na koma gida na tarar waɗanda ke aljihun sun huda yadin sun kama cinyata.

Na yanke sauran kawunan na ƙone, ba tare da izininki ba. Na san na makara.

Nan da wata guda za a yi girbi. In wasu sun tsere mini a cikin gonar, za su shiga injin, su shiga buhunan iri, su tafi gonakin mutanen da suka yarda da sunan Baba. In kuma na faɗa, ni ce na kashe masa sana'a. Don Allah ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Eldrid

Lund
4 ga Agusta

Eldrid, 'yata,

Yau na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a akwatina, ɗaya kan ɗaya. Lafiyata ƙalau, kuma ba ki ɓata mini rai ba. Na yi wata guda a wani tsibiri ina zaune ba aikin komai. A nan Sweden, semester hutu ne. Na daɗe a ƙasar nan har na manta cewa a gida zangon karatu ake nufi. Abin da na so in ce shi ne ba na nan, kada ki jira ni. Na rubuta wa 'yar makaranta kalmar da ta sani da wata ma'ana, na kuma hana ta taɓa komai. Wannan laifina ne, ba naki ba.

Akwai wanda ya fi shi. Sakamakon ƙwayoyinki ma yana kan teburina. Havren daji ne, amma ba irin na ƙasashenmu na arewa ba. An kwatanta rubutunsa da duk waɗanda muke da su a ajiya, ya dace da guda ɗaya, kusan harafi da harafi. An tsinko wannan a gefen wata gonar sha'ir a kan duwatsun Turkiyya, shekara talatin da biyu da suka wuce. Sunan wanda ya tsinko yana jikin fakitin. Sunana ne.

Ina ɗaliba a lokacin. Bayan rasuwar mahaifina a gidanku nake yin hutu, kakanki ya riƙe ni kamar 'yarsa. Na dawo daga waccan tafiya da ɗan ragowa a aljihun jaka, na so in ga ko zai jure sanyinmu, sai na watsa shi a bayan ramin dankali inda ba mai zuwa. Ya jure. Da Oddvar ya gani bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki jakata ya sa a mota ya kai ni tashar jirgin ƙasa, ya ce shi zai ji da abin, ni kuma kada in sake taka gonarsa. Bai kai rahoto ba. Babanki yana aikin soja a arewa a shekarar, bai san komai ba.

Na ɗauka ya ƙare da shi cikin 'yan shekaru. Ƙwayar takan kwanta a ƙasa ta jira, amma ba ta kai shekara talatin. Ko dai duk shekara wasu suna tsere masa, ko kuwa shi yake barin kara ɗaya ya zubar da 'ya'ya. Ban san wanne ba ne, kuma tun safe nake juya maganar.

Ba zan ce miki ki yi shiru ba, an riga an yi shirun da yawa. Ki ba babanki wannan wasiƙa ya karanta. In kin kasa, ki aiko mini lambarsa ni in kira shi, ko da zai kashe wayar.

Gunvor

Nordre Rognli
17 ga Agusta

Goggo Gunvor,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu wasiƙarki, na ji daɗi da kina lafiya. Mu ma muna nan. Kaka Magnhild ta yi mura amma ta warke.

Kwana uku wasiƙar tana cikin littafina. Ranar Lahadi Baba yana shafa wa injin girbi mai, na je na tsaya a bayansa har ya juyo. Na miƙa masa, amma kafin ya buɗe na gaya masa da bakina cewa na gani tun farkon Yuli, kuma na girgiza wa Steinar kai. Na so ya ji nawa laifin daga gare ni. Ya goge hannunsa ya karanta a tsaye, ya koma farko ya sake karantawa. Sannan ya ce in nuna masa.

Mun bi ta gindin katanga, ni a gaba. Da muka isa ya durƙusa duk da bayansa, ya shafa ƙasar da tafin hannu. Ba ƙwaya ko ɗaya a sama, wurin sumul kamar an share. Ya tona da ɗan yatsa, nan da nan ya fito da huɗu. Ya daɗe yana kallon su a tafinsa. Hannun nasa da gumi, sai ɗaya ta fara juyawa. Bai yar ba, ya bar ta ta gama.

Bai yi mini faɗa ba, na ma fi so da ya yi. Abin da kawai ya ce shi ne shekara ashirin yana sa baƙi su wanke takalmansu kafin su shiga gonarsa, ashe a bakin ƙofa ya kamata su wanke in za su fita.

Ranar Litinin da safe ya kira ofishin noma da kansa. Ina kicin ina ji. Ya faɗi sunansa, da sunan gonar, ya maimaita sunan gonar harafi harafi ko da yake sun san shi. Bayan haka ya kira Steinar, suka daɗe, ba wanda ya yi dariya. An sa mu a rajista. Havren bana ba zai tafi a matsayin iri ba, dabbobi za su ci. Baba ya kuma ce zai rubuta wa duk wanda ya taɓa sayen iri a hannunmu, su duba gonakinsu. Suna da yawa, ni zan taya shi rubuta adireshi.

Ya yanke havren kusurwar da lauje ya ƙone, ya shimfiɗa baƙin tamfol a wurin ya danne da duwatsu. Jiya da safe an yi raɓa, na je na tsuguna a gefe na kara kunne. Ana jin su a ƙarƙashi, waɗanda ba su gama shiga ba.

Na tambaye shi ko yana da saƙo gare ki. Da farko ya ce babu. Da na zauna rubutu sai ya zo ya tsaya a ƙofa, ya ce in tambaye ki abu ɗaya, tunda ke ce kika san su. Shekara nawa suke iya kwana a ƙasa suna jira? Ya ce ki faɗi gaskiya, kada ki rage.

Taki,
Eldrid